Zaɓen Ƙasar Zama a Gaɓar Bahar Rum: Abin da Ya Shafi Manomin Garun Malam



A ƙasashen arewacin Turai akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum zai yi aiki shekara talatin ko arba'in a Ingila ko Jamus, in ya ajiye aiki sai ya shimfiɗa taswira, ya dubi ƙasashen da suka kewaye Bahar Rum, ya ce wace ce ta fi rana, wace ce ta fi araha, wace ce likitocinta suka fi ƙwarewa. In ya ga dama Sifen, in ya ga dama Girka ko Malta ko Kubrus. Ya sayar da gidansa na birni mai hazo, ya sayi wani a bakin teku, kuɗin fanshonsa na biye da shi wata-wata. Ba mai ce masa ɗan gudun hijira, ba mai ce masa ɗan ci-rani. Manufar wannan lacca ita ce a ɗauko tambayar nan tasa, a kawo ta ƙasar Kano, a ajiye ta a bakin hanyar ruwa a Garun Malam, a ga yadda za ta kasance a bakin wanda fasfonsa kore ne.

Abu na farko da zai faɗi shi ne maganar ɗumi. Bature yana neman rana domin ya rasa ta a gida, amma mutumin Kura ba rana ce ta kore shi ba. Yanayin Bahar Rum kishiyar na ƙasar Hausa ne. Ruwan samansu da sanyi yake zuwa, watau daga wajen Oktoba zuwa Maris, bazararsu kuwa busasshiya ce ƙayau. Wanda ya saba da sanyin hunturu mai bushewa, wanda hantsi ke kora, in ya sami kansa a Tarabulus ko Tunis cikin watan Janairu, zai gamu da sanyi mai laima wanda ke kwana a bango ya wuni a tufafi. A Sabha ma, can cikin hamada, dare kan yi sanyin da har ruwa ya kusa daskarewa. An daɗe ana koya wa 'yan makaranta cewa a Aziziya, kudu da Tarabulus, aka auna zafin da ya fi kowane a duniya, digiri 58, cikin Satumba 1922. To, a 2012 hukumar yanayi ta duniya ta bincika ta soke wannan awo. Saboda haka duk wanda ya ce ɗumi ne ya kai shi can, bai faɗi ainihin dalili ba.

Hanyar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun kafin a san jirgin ƙasa, ayari kan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu, ya sauka Agadas, ya ratsa duwatsun Azbin, ya kai Gat, ya kai Gadamas, sa'an nan Tarabulus. A miƙe tafiyar ta haura mil 1,400, a ƙafar raƙumi kuwa watanni ce. Kayan da ake ɗorawa sun haɗa da jar fata, da gashin jimina, da hauren giwa, da tufafi. A nan ƙasar Kura ta shigo cikin labarin, gama marinar Kura da mabuganta su suka fitar da baƙin rawanin nan mai ƙyalli da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye ba su da abin ado da ya fi shi. Sa'ad da Heinrich Barth ya shigo Kano a farkon 1851, bayan ya taso daga Tarabulus a shekarar da ta gabata, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Ayarin da ya komo kuma yakan zo da alharini, da jar dara, da duwatsun wuya na Banis, da allura, da takarda. Ɗalibin da ya taɓa ɗaga tsohon littafin hannu na Kano ya duba shi a hasken rana, mai yiwuwa ne ya ga hoton jinjirin wata uku a jikin takardar. Wannan alamar masu yin takarda ce na arewacin Italiya. Ashe ilimin da aka rubuta a zaurukan Madabo, a kan takardar Bahar Rum aka rubuta da yawansa.

Mutanen can ma sun zaɓi nan. Shehu Magili ya taso daga Tilimsan ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Fataken Gadamas da na Tarabulus suka yi kaka-gida a birni, har unguwarsu ta ci sunan Dandalin Turawa, domin a wancan zamani in an ce Bature, Balaraben arewa ake nufi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wadda kuma ita ce shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi, sai cinikin ayari ya durƙushe, Kwarori daga Labanan da Sham suka shigo ta bakin tekun Ikko, suka bar sunansu a Kantin Kwari. Harshen ma ya riƙe shaida: alkama, albasa, alkubus, alkyabba, duk baƙi ne da suka zama 'yan gari.

To, su wane ne suka tafi daga nan suka zauna can? Akwai falke, wanda bai taɓa tashi ba sai ya san gidan da zai sauka. Kafin ya bar Kano ya san sunan maigidansa a Gat, ya san wanda zai tsaya masa in rigima ta tashi a Gadamas, yana kuma riƙe da wasiƙa. Akwai malami, wanda hanyar hajji ta bi da shi ta Masar ya ga wurin zama. Mashahuri a cikinsu shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da hatimi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin nan na Masar. Sa'an nan akwai na uku, wanda ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba, wanda kuma ba a cika son ambatonsa a irin wannan zaure ba, watau bawa.

Lalle ne a tsaya a kan wannan na uku, domin shi ne ya kafa jama'ar Hausawa mafi girma a gaɓar tekun. Ba wanda ya shimfiɗa masa taswira. Sarkin Tunis Ahmad Bey ya soke bauta a ƙasarsa a 1846, amma 'yantattun bayin ba su da guzurin komowa, sai suka taru a gidaje bisa ga asalinsu, na Hausa daban, na Barno daban. Da Manjo Tremearne ya ziyarci Tunis da Tarabulus, ya buga littafinsa The Ban of the Bori a 1914, ya tarar da su suna magana da Hausa, suna girka, suna kiran iskokin da aka sani a nan, su Kure da Doguwa da Sarkin Rafi. Kiɗan da ake kira sitambeli a Tunisiya daga nan ya samo wani reshe na tushensa, kuma akwai kalmomin Hausa a cikin waƙoƙinsa, ko da yake masu rerawa sun daɗe da rasa harshen. Abin lura a nan shi ne, bori da aka sani da raini a birnin Kano, a can shi ya zama asibiti, ya zama majalisa, ya zama dangi ga mutanen da aka raba da danginsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fahimci zafin wannan hanya tun yana matashin malami, shi ya sa a cikin Shaihu Umar ya sa uwa ta bi sawun ɗanta har hamada ta cinye ƙarfinta.

Akwai kuma Dorugu, yaron ƙauyen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Barth har Tambutu, a 1855 ya ratsa hamada zuwa Tarabulus, ya hau jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Rum, ya kai Ingila. Labarin da ya shifta wa Schön yana cikin tsofaffin zube na Hausa da aka buga da boko. Ya ga abin da zai gani, ya komo, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912 yana taimakawa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. A riƙe sunan Kance, za a sake jin sa.

Yanzu a dawo gida. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga daga 1971 zuwa 1974, mai ɗaukar ruwa kusan mita biliyan 2 murabba'i uku. Daga Tiga ruwan ke bin babbar hanya, wadda manoma ke kira kanal, ya sauka Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura ba tare da injin turawa ba, gangare kawai yake bi. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da kadada dubu 22, daga baya kuma ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Babban burin masu tsarin shi ne alkama. Alkama kuwa 'yar Bahar Rum ce, sanyi take so. A can ana shuka ta da saukar ruwan sanyi. A Kadawa ana shuka ta tsakiyar Nuwamba, hunturu ya ba ta sanyi, kanal ya ba ta ruwa, a yanke ta cikin Maris kafin zafi ya ƙone ta. Watau abin da injiniyoyi suka yi shi ne aro wa ƙasar Kura damina irin ta Tunis ta wata huɗu. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don ta ƙarfafa wannan noma, aka janye hanin a farkon shekarun 1990, manoma kuwa suka bi abin da ya fi biya, shinkafa da damina, tumatir da albasa da masara da rani.

Ɗaya daga cikin alkawuran aikin shi ne ya kashe cin rani. Ya kuwa yi abin a yaba, gama yankin da samarinsa ke watsewa bayan kaka ya zama wurin da 'yan ƙodago ke zuwa daga nesa. Wanda ya tsaya a Kwanar Gafan cikin Fabrairu ya ga kwandunan tumatir jere ana loda wa manyan motoci masu zuwa kudu, ba zai ce wannan ƙasar yunwa ba ce. Amma tumatir kayan gwari ne, ba ya jiran ciniki. Kowa ya shuka lokaci guda, kowa ya ɗebe lokaci guda, farashi ya faɗi har wani lokaci kuɗin kwandon da ladan masu tsinka su fi abin da ke cikinsa. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina ta iya sarrafa tan 1,200 a rana, sai ga shi a shekarar tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa Sharon, ta share gonaki. Ita ma tsutsar baƙuwa ce ta hanyar da ake magana a kai: daga Kudancin Amurka ta sauka Sifen a 2006, ta mamaye gaɓar Bahar Rum, ta ƙetaro Afirka. Masana'antar ta yi ta buɗewa tana rufewa. Ga gona kuma tana ƙanƙancewa, domin filin da aka auna wa magidanci ɗaya a shekarun 1970 yau jikoki ne ke raba shi, kanal kuwa bai haifi ɗa ba. Saurayin da ya gaji 'yar ƙaramar fala, ya yi asara shekara biyu a jere, ga bashin taki, ga aure a gaba, shi ne wanda tambayar Baturen nan ta zo wa, amma da wata fuska.

Ƙasar da ta fi kusa da bakinsa ita ce Libiya. Yawancin Hausawan da ke zuwa can ba Turai suka nufa ba. Ci-rani ne mai tsawo, shekara ɗaya ko biyu a gonakin Sabha da Ubari, ko wajen gini a Tarabulus, a tara abin da za a tara a dawo. Zamanin Gaddafi, wanda ya zo Kano da kansa a 1997, ƙofar ta kasance a buɗe gwargwado, ko da yake ko a lokacin an yi tarzomar Zawiya a 2000 inda aka kashe baƙaƙen fata. Tun faɗuwar gwamnatinsa a 2011 ƙasar ta rabu tsakanin masu bindiga. A Sabha akwai abin da matafiya da kansu suka sa wa suna gidan bashi: a ɗauko mutum daga Agadas ba ko kwabo, a kulle shi, a buga wa iyayensa waya yana kuka, sai an biya ninkin-ba-ninkin. A 2017 duniya ta ga hoton da gidan talabijin na CNN ya ɗauka ana gwanjon mutane kusa da Tarabulus. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, direbobi suka kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun sojoji, hamada ta ƙara cin mutane. A Nuwamba 2023 gwamnatin soja ta soke dokar.

Aljeriya ta fi kwanciyar hankali, kuɗinta ya fi tabbas, amma ba ta son baƙo ya zauna. Tana kwaso mutane daga biranenta ta zube su a wani wuri cikin hamada, su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka, garin farko na Nijar. Masu sa ido a wurin sun ƙidaya fiye da mutum dubu 30 a 2024 kaɗai. A kan wannan hanya ce, cikin Oktoba 2013, motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, aka tsinci gawa 92, 52 yara ne, 33 mata. Mafi yawansu mutanen Kance ne, ƙasar su Dorugu. Tunisiya kuwa, wadda ta riga maƙwabtanta soke bauta, tun jawabin da Shugaba Kais Saied ya yi a Fabrairu 2023 a kan baƙi 'yan kudu da Sahara, baƙar fata ya rasa sakewa a Safakis da Tunis.

Sai tsallaken teku. A 2016 'yan Nijeriya fiye da dubu 37 suka sauka Italiya ta jirgin ruwa, sun fi na kowace ƙasa yawa, ko da yake akasarinsu daga kudu suke. A wannan shekara fiye da mutum 5,000 suka halaka a Bahar Rum. Wanda ya tsira, me zai tarar? A nan ne abin ya zo da ban takaici ga mutumin Garun Malam musamman. Zai tarar da tumatir. A filayen Foggia a kudancin Italiya, 'yan Afirka ne ke tsinkar tumatirin gwangwani cikin zafin Agusta, ana biyansu bisa akwati mai cin kilo 300, 'yan yuro kaɗan kowane akwati, ɗan kamasho kuma ya cire kuɗin mota da na ruwan sha. Italiya ta yi dokar hukunta irin waɗannan 'yan kamasho a 2016, amma cikin Agusta 2018 ma'aikata 16 suka mutu a haɗarin mota biyu, kwana biyu tsakani, suna komowa daga gona. A Almeriya ta Sifen akwai rumfunan leda na noman lambu da suka haura kadada dubu 30, sun fi duk abin da aka tsara wa Kadawa faɗi, can ma hannun baƙo ke aiki. Mai gona a Kura ya sayar da gonarsa, ya ratsa hamada da teku, ya zama ɗan ƙodago a gonar tumatirin wani. Wannan ba ci gaba ba ne ko da kuɗin da ake biyansa ya fi nauyi, gama aikin da ya iya shi ne dai aka saya, ikon da yake da shi a kan ƙasa kuwa ya bar shi a baya.

Ma'aikacin gwamnati da ke wannan zaure kada ya ɗauka maganar ta talaka ce kaɗai. Shi ma yana da tasa taswirar, ko don ritaya, ko don karatun 'ya'ya. Wasu ƙasashen sun daɗe suna sayar da izinin zama ga mai sayen gida, amma ƙofofin suna rufuwa. Kubrus ta daina sayar da zama ɗan ƙasa a 2020. Sifen, wadda ke neman gidan yuro dubu 500, ta soke tsarin a Afrilu 2025, a cikin Afrilun kuma kotun Tarayyar Turai ta haramta wa Malta sayar da zama ɗan ƙasa. Girka ta fara da yuro dubu 250 a 2013, a 2024 ta kai shi dubu 800 a Atina da manyan tsibirai. Turkiyya ta sa dala dubu 400 a 2022. A auna wannan da garatutin babban sakatare, bayan naira ta tashi daga wajen 460 a dala ta haura 1,500 tsakanin 2023 da 2024, a ga ko halal za ta kai. Ko bizar ziyara ta wata uku, kusan rabin 'yan Nijeriya da suka nema a 2024 an hana su, kuɗin nema yuro 90 kuwa ba a mayarwa.

Ɗalibi ya fi kowa sa'a, domin tasa hanyar ita ce ta su Alkashinawi, kuma Azhar tana nan tana karɓar 'ya'yan Kano. Gwamnatin Kano ma, tsakanin 2011 da 2015, ta tura ɗalibai Masar da Turkiyya da Kubrus. Sai dai a san wace Kubrus. Tsibirin ya rabu biyu tun 1974, ɓangaren arewa ba ƙasar da ta amince da shi sai Turkiyya, Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma a 2020 hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye game da tura yara. Dillalin makaranta zai ce Turai ce. A tambaye shi wa zai tsaya wa yaro in an kama shi, ita ce tambayar da falke kan yi kafin ya ɗaure kaya.

Akwai wata ƙofa ta halal da ba a cika sani ba, wadda ta cancanci ma'aikatun gona da na ƙwadago su yi nazarinta. Italiya tana fitar da adadin ma'aikatan waje da za ta karɓa, ta ware wajen dubu 452 na 2023 zuwa 2025, kusan dubu 500 na 2026 zuwa 2028, babban kaso na aikin gona ne na lokaci-lokaci, wanda izininsa ba ya wuce wata tara. Nijeriya da Nijar suna cikin jerin ƙasashen da aka lissafa. Sharaɗin shi ne mai gonar can ne ke nema da sunan ma'aikaci, ba ma'aikaci ba, a nan ne kuma 'yan damfara suka kafa rumfa suna sayar da takardun aikin da babu shi. Manomi ɗaya ba zai iya tantance mai gona a Foggia daga Garun Malam ba, amma ƙungiyar masu amfani da ruwa, in hukuma ta tsaya mata, za ta iya zama fatoman wannan zamani. Sa'an nan mai tafiya ya ba da gonarsa haya ko jingina da shaidu da takarda a gaban dagaci, kada ya sayar, domin filin da kanal ke shayarwa in ya fita hannu da wuya kuɗin ci-rani ya komo da shi. Lokutan ma sun dace da juna: tsinkar tumatir a kudancin Italiya daga Yuli ne zuwa Satumba, rainon irin tumatir a Kadawa kuwa sai Oktoba ake fara shi gadan-gadan, a yi dashe cikin Nuwamba.